Idan bindiga mai ɗura kanta ta ƙi cin harsashi mara nauyi

Bindigar harbin tsuntsu mai ɗura wa kanta harsashi ba ta da wani inji a cikinta. Duk aikin da take yi tsakanin harbi da harbi, daga ja da sakata (ƙarfen da ke rufe bayan harsashi) baya, zaro kwanso, cilla shi waje, ɗana kunama, ɗago sabon harsashi, har zuwa rufewa, da ƙarfin harsashin da aka harba yanzu take yin sa. Idan aka ba ta harsashi mai darma giram 24 ko 28, irin wanda masu harbin faifan yumɓu suke so don ba ya dukan kafaɗa, guzurin da ya rage mata na wannan aiki ɗan kaɗan ne. Dattin da ba ta ko lura da shi a harsashin giram 36, shi ne yanzu zai tsayar da ita cak. Saboda haka gyaran ba ya wuce abu biyu: ko a toshe inda ƙarfi yake zuba, ko a rage abin da yake cinye shi. Huda ƙarfe da yanke sifirin su ne na ƙarshe, kuma mafi yawan bindigogi ba sa kaiwa can.

Kafin ka taɓa komai, zare duk harsashin da ke ciki, ka leƙa mazaunin harsashi da idonka, ka sa yatsa ka tabbatar, ka duba bututun ajiya ma, wato wanda sauran harsasai suke jere a ciki. Harsasai su bar ɗakin da kake aiki gaba ɗaya.

Fara da karanta kwalin harsashi, domin kalmar "mara nauyi" ba ta faɗin komai. A geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututun bindiga), giram 24 shi ne abin da Amurkawa suke rubutawa oza 7/8, giram 28 oza 1, giram 32 oza 1⅛, giram 36 kuma kusan oza 1¼. Giram 24 shi ne iyakar da ake harbawa a gasar Olamfik, shi ya sa ya cika kasuwar Turai. Bayan nauyi sai gudu. Ƙafa 1,200 a daƙiƙa daidai yake da mita 366, ƙafa 1,145 kuma mita 349. Tsofaffin kwalayen Amurka suna rubuta ƙarfin albarushi da ma'aunin diram: diram 3 da oza 1⅛ yana nufin ƙafa 1,200, diram 2¾ da nauyi iri ɗaya yana nufin ƙafa 1,145. Harsasai biyu masu giram 28 za su iya bambanta da mita 40 ko 50 a daƙiƙa, ɗaya ya juya bindigar lafiya, ɗayan ya maƙale. Wanda bai rubuta waɗannan lambobi ba kafin ya fara gwaji, lalube yake yi a duhu.

Gwajin harsashi ɗaya

A filin harbi, sa harsashi guda a mazauni, ka bar bututun ajiya fayau, ka dafa bindigar a kafaɗa yadda ka saba, ka harba. Yi haka sau biyar ko goma. Galibin irin waɗannan bindigogi suna kulle sakata a baya idan harsashi ya ƙare, kuma sakata ba ta kulluwa sai ta kai ƙarshen tafiyarta. Wannan shi ne ma'auninka.

Idan kwanso ya fita, sakata ta kulle a baya kowane karo, ƙarfi ya isa. Matsalarka tana wajen ɗura na biyu ne, wato sifirin ɗin bututun ajiya, ko cokalin da ke ɗago harsashi, ko sifirin ɗin da ke mayar da sakata gaba. Kada ka ɓata lokaci a kan gas, wato iskar albarushin da ke tura sakata a wasu bindigogi.

Idan kwanso ya fita amma sakata ta koma ta rufe, ta yi tafiya ne ba ta kai ba, saura kaɗan. Wannan shi ya fi sauƙin gyara, wanki da mai kan wadatar. Idan kwanso ya maƙale a taga, rabinsa a waje, ko dai tafiyar ta gaza sosai, ko ƙugiyar da ke jan kwanso ta sake shi a hanya. Idan kuwa sakata ta rufe da kwanson a ciki kamar ba ta motsa ba, ja hannun sakatar ka ji. In ya fito sumul, ƙarfi ne bai kai ba ko kusa. In sai da ka yi kokawa da shi, ko ƙugiya ta gutsure bakin gindinsa, mazaunin ne yake riƙe shi, kuma ƙara gas ba zai amfane ka ba.

Duba kuma inda kwanso yake faɗuwa. Wanda yake zubewa a gindin ƙafarka alama ce ta sakata mai tafiyar hawainiya. Wanda yake tashi mita huɗu ko biyar alama ce ta sakata mai gudun wuce kima, kuma wannan bindigar ba ta buƙatar a sassauta mata komai.

Abu ɗaya da ba a wasa da shi: idan harbi ya yi ƙara mara ƙarfi, ko ba ka ji shuri ba, tsaya. Zare komai ka leƙa bututu daga baya. Toshiyar robar harsashi takan tsaya a ciki, kuma harbi na gaba a kanta yana kumbura bututu ko ya fasa shi.

Sabuwar bindiga

Man da masana'anta suke shafa wa sabuwar bindiga na hana tsatsa ne a jirgin ruwa da cikin sito, ba na gudu ba ne. Yana da kauri da danƙo, musamman a bindigogin Turkiyya masu sauƙin kuɗi. Kwance ta, ka wanke sakata, layukan da take bi a cikin gidanta, bayan bututun ajiya, da fistin idan mai gas ce. Sannan ka harba harsashi 100 zuwa 200 masu giram 32 zuwa 36 da gudun da bai gaza mita 380 ba. Wannan yana goge kaifin da injin sassaƙa ya bari, yana cinye fentin da ya yi yawa a kan layuka, sifirin ma ya zauna. Bayan kowane kwali biyu ko uku, goge ka sake mai, domin ɓurɓushin ƙarfe da fenti yana haɗuwa da man ya zama kamar tokar goge tukunya. Daga nan ka sauka a hankali: 32, sai 28 mai gudu, sai 28 na gama-gari, sai 24. Inda ta fara gardama, nan ne iyakarta a yau.

Akwai masu cewa a bar sakata a kulle a baya na mako guda don sifirin ya yi laushi. Ba ya cutarwa, amma abin da yake gajiyar da sifirin shi ne matsewa da sakewa sau da yawa, ba zama a matse ba. Jan sakata da hannu sau ɗari biyu ko uku, bindiga babu harsashi kuma da mai a jikinta, ya fi wannan amfani. Ka riƙa raka ta gaba da hannu, kada ka bari tana buga kanta a banza.

Mai aiki da gas

Remington 1100 da ta fito a 1963, da 11-87 da ta biyo ta a 1987, da Beretta 391 da A400, da Browning Maxus, da Winchester SX3 da SX4, duk gas suke sha. Ƙananan huda ne a ƙasan bututu suke tatsar iskar albarushi bayan toshiya ta wuce, iskar ta tura fistin, fistin ya tura sakata. Irin wannan tsari shi ya fi haƙuri da harsashi mara nauyi, amma shi ya fi ƙazanta, kuma duk inda iska ta sami kafa za ta bi.

Zare murfin gaba, mariƙin gaba, da bututu. Leƙa cikin zoben ƙarfen da ke manne a ƙasan bututu, za ka ga hudar gas, ɗaya ko biyu, a karkace. Faɗin kowace bai wuce milimita 2 da ɗan wani abu ba, don haka ƙanzon hayaƙi ko narkakkiyar roba kaɗan ya isa ya rage ta sosai. Ɗiga ruwan wanke bindiga, ka bar shi minti goma, ka bi da tsinken goge lofe ko wayar tagulla. Idan ƙanzon ya yi tauri, ɗauki tsinken huda wanda ya ɗan fi hudar siranta ka murza shi da yatsu kawai, kana bin karkatar hudar. Kada ka ɗaura shi a inji. In ka ga ɓurɓushi mai ƙyalli maimakon baƙi, ƙarfe kake ci, dakata.

Fistin kuma a jiƙa shi a ruwan wanki na awa ɗaya ko ya kwana, a kankare da buroshin tagulla, a busar da shi ƙaƙas. Na Beretta yana da tsagaggen zobe da ke manne da bangon silinda. In ƙanzo ya daskarar da shi ba ya buɗewa, iska sai ta wuce ta gefe. Na Browning da Winchester yana da sifirin mai ƙarfi a cikinsa wanda ke riƙe bawul a rufe har sai an harba harsashi mai nauyi. In wannan sifirin ya karye, bawul ya riƙa zubar da iska kullum, sai ka ga bindigar tana cin giram 36 lafiya amma ta ƙi 28. Girgiza fistin ɗin kusa da kunne ka kuma leƙa cikinsa. Idan ya karye sai sabo.

A kan 1100 da 11-87 akwai siririn zoben roba da ke zama a cikin wani tsagi a jikin bututun ajiya. Kuɗinsa bai kai na kwalin harsashi ba, amma shi ne yake tare iska daga gaba. Idan ya tsage, ya baje, ko ya yi tauri, canza shi. Sayi wanda aka yi don bindigar, ko aƙalla na robar Viton mai jure zafi, domin zoben famfo na kasuwa yana narkewa cikin harbi kaɗan. Wajen sawa, mirgina shi a hankali ta kan zaren murfi, kada ka ja shi ya miƙe. Zobban ƙarfe biyu da ke bayansa, fistin da abokinsa, suna da gefe mai gangara, kuma gangarar tana fuskantar juna. Mutane da yawa suna juya ɗaya bayan wanki, bindiga ta koma mai harbi ɗaya-ɗaya. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare su, ka kuma gwada da zanen littafin bindigar. A tsohon samfuri mai tsagaggun zobba, kada tsagar biyu su zo a layi ɗaya.

Wani abin da wanki ba ya magani: bututun 1100 na harsashi mai tsawon milimita 70 yana da hudar gas biyu, na magnum, wato harsashi mai ƙarfi mai tsawon milimita 76, kuwa huda ɗaya gare shi, da gangan, don kada harsashi mai ƙarfi ya farfasa bindigar. Wannan bututu ba a yi shi don giram 28 ba. Mafita ita ce a sami bututun milimita 70 mai huda biyu a ɗora. A 11-87 Super Magnum kuma akwai wani ƙaramin zoben ƙarfe na daban da ake sawa idan za a harba gajeren harsashi, a cire idan za a harba dogo. Sau da yawa yana kwance a kwalin bindigar ba a san amfaninsa ba.

Haka wasu bindigogin Turkiyya, irin su Weatherby SA-08, suna zuwa da fistin biyu, ɗaya an rubuta masa Light, ɗaya Heavy. Duba wanda ke ciki. Idan ka sa na mara nauyi, ka tuna ka mayar da ɗayan kafin ka harba giram 36 ko sama. Remington Versa Max ta bi wata hanya dabam: hudojinta bakwai suna cikin mazaunin harsashi ne, gajeren kwanso yana barin su duka a buɗe, dogo yana rufe wasu. A irinta, wanke mazauni shi ne wanke hanyar gas.

Bayan bututun ajiya, inda fistin yake zamewa, ya zama sumul. Goge ƙanzon da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, da ɗan ruwan wanki. Fistin da silinda ana barin su a bushe, ko a shafa mai a goge har ya zama kamar babu. Mai da zafin albarushi in sun haɗu ƙanzo suke haifarwa. Wajen haɗawa, ɗaure murfin gaba tam da hannu, ka sake duba shi bayan harbi ashirin. Murfi mai sako-sako yana barin bututu ya matsa gaba, iska ta sami hanya.

Mai gas ba nauyin darma kaɗai take ji ba, matsin iskar da ya rage lokacin da toshiya ta kai ga huda shi ne abincinta. Albarushi mai saurin ƙonewa yana gama aikinsa tun kusa da mazauni, mai ɗan jinkiri yana kai matsi har gaba. Shi ya sa canza kamfanin harsashi kawai, nauyi da gudu suna nan yadda suke, yakan warware matsalar. Gajeren bututu ma yana rage lokacin da iska take turawa, domin da zarar toshiya ta fita baki matsi ya faɗi. Sayi kwali ɗaya-ɗaya na iri uku ko huɗu ka gwada kafin ka sayi katan.

Mai aiki da shuri

Benelli ta garin Urbino a Italiya ita ta yaɗa wannan tsari tun ƙarshen shekarun 1960, kuma shi ne a cikin M2, Montefeltro da Super Black Eagle, da Franchi Affinity, da Stoeger M3000, da sabuwar Browning A5 ta 2012. Babu huda, babu fistin. Sakata kashi biyu ce, kai mai juyawa da jiki mai nauyi, da gajeren sifirin mai tsananin tauri a tsakaninsu. Idan aka harba, bindiga takan zabura baya, jikin sakata saboda nauyinsa ya tsaya inda yake na ɗan ƙiftawa, sifirin ya matse, sannan ya wurga jikin baya ya kwance kan. Ma'ana, in bindigar ba ta zabura da ƙarfi ba, babu abin da zai motsa.

A nan lissafi yana taimakawa. Ninka nauyin darma da gudu. Giram 32 sau mita 366 ya ba da kusan 11,700, kuma wannan shi ne harsashin diram 3 da oza 1⅛ da Benelli ta daɗe tana ba da shawara a matsayin mafi ƙanƙanta ga manyan bindigoginta. Giram 28 sau 366 kusan 10,250 ne. Giram 28 sau 400 ya kai 11,200. Giram 24 sau 400 kuwa 9,600, kuma 24 sau 365 bai kai 8,800 ba. Lissafin bai haɗa da nauyin toshiya da albarushi ba, amma ya isa ya nuna maka cewa idan kana son sauka zuwa giram 28, ɗauki mai gudu. Samfurin da aka yi don harsashin milimita 89 shi ya fi wuyar sha'ani, domin sakatarsa tana da doguwar tafiya kuma an ɗaure sifirinsa don harsashin harbin dinya. Wanda yake son harba giram 24 duk mako, ba wannan ce bindigarsa ba, ko da an yi mata duk abin da ke cikin wannan rubutu.

Nauyin bindigar kansa yana cikin lissafin. Duk abin da ka rataya mata, tocila, mariƙin harsasai a gefe, ƙarin bututun ajiya cike da harsashi, dalmar rage shuri a cikin ƙota, yana rage zaburarta. Cire su duka ka sake gwajin harsashi ɗaya. In ta gyaru, mayar da su ɗaya bayan ɗaya har ka gano wanda ya cika mata ciki.

Riƙo ma yana da nasa. Idan ka tokare gindinta da bishiya ko ka ɗaure ta a teburin gwaji mai nauyi, ba za ta zabura ba, ba za ta juya ba. Idan kuma ka riƙe ta sako-sako, ko riga mai kauri ta hana ta zama a kafaɗa, gidan sakata zai ci gaba da gudu baya tare da sakatar, tafiyar ta gaza. Abin da ake so riƙo ne na yau da kullum: gindi ya zauna daram a kafaɗa, jiki ya ɗan sunkuya gaba.

Ba kamar mai gas ba, wannan tana son mai. Ɗigo biyu a kowane layin da sakata take bi, ɗigo ɗaya a tsagin da fil ɗin juya kai yake yawo, ɗigo ɗaya a haƙoran kan. Tsagin da haƙoran suke shiga a gindin bututu a kankare shi da buroshin haƙori, domin ɓurɓushin albarushi a wurin yana hana kai gama juyawa, ka ja kunama ka ji ƙas babu harbi. A Affinity da M3000 sifirin mayar da sakata yana kewaye da bututun ajiya ne a gaba, don haka wurin ya sha goge da ɗan mai.

Tsohuwar Auto-5

Bindigar John Browning mai doro, wadda kamfanin FN na Beljiyam ya fara ƙerawa a farkon ƙarni na 20 aka ci gaba har ƙarshen shekarun 1990, da 'yar'uwarta Remington Model 11, bututunsu gaba ɗaya yake komawa baya tare da sakata. Birki gare su a kan bututun ajiya: zoben tagulla mai ɗamarar ƙarfe, da siririn zoben ƙarfe mai gefe ɗaya a miƙe, ɗaya a gangare. Don harsashi mai nauyi, zoben ƙarfe yana gaban babban sifirin, gefensa miƙaƙƙe yana jingine da sifirin, gangararsa tana kallon zoben tagulla, ta yadda za ta matse shi a jikin bututun ajiya. Don mara nauyi, zare su duka, ka fara sa zoben ƙarfe can baya jikin gidan sakata, gangara tana kallon gidan, miƙaƙƙen gefe yana kallon sifirin. Sai sifirin, sai zoben tagulla a gaba, gangararsa tana kallon baki. Zoben tagulla ba a cire shi ko da wasa, harbi babu shi yana tsaga mariƙin gaba ya daki gidan sakata. Bututun ajiya a shafa masa mai siriri, ba giris ba, ba kuma a bushe ba. Wannan bayani na samfurin milimita 70 ne, na magnum yana da zobba fiye da haka da nasa jeri. Wasu tsofaffin na geji 16 kuma mazauninsu milimita 65 ne, kwanson 70 ba ya fita ta tagarsu yadda ya kamata kuma bai dace a harba shi a ciki ba.

Wuraren da ake mantawa

Gindin yawancin harsasai masu araha ƙarfe ne aka yi wa ruwan tagulla. Sa maganaɗisu ka gani. Tagulla takan kumbura ta koma, ƙarfe in ya kumbura ba ya komawa sosai, sai ya kama bangon mazauni, balle in akwai tsatsa, ragowar roba, ko zanen injin sassaƙa. Cire bututu, naɗa soson ƙarfe 0000 a kan buroshin tagulla na geji 12, ɗiga mai, ɗaura a injin huda na hannu, ka juya a hankali kana shiga da fita na daƙiƙa 20 zuwa 30. Wanke, ka haska, ka gwada. Sheƙi ake nema, ba faɗi ba. Kada takardar yashi ta shiga wurin, kada kuma ka taɓa gefen da gindin harsashi yake zama. Bayan haka mazauni ya kasance a bushe.

Ƙugiyar jan kwanso ka tura ta da yatsa. Ta motsa da tauri ta koma da kanta, bakinta da kaifi. In ta dakushe ko datti ya cika ƙarƙashinta, tana zamewa daga kwanso.

A 1100, M2 da makamantansu, sifirin mayar da sakata yana cikin wani bututu a cikin ƙota, inda ido ba ya kaiwa. Ruwan sama, tsohon mai da ƙaiƙayi suna gangarawa can su yi tsatsa. Kwance sukurori biyu na robar gindi, kwance notin ƙota, zare ta. Sifirin ɗin a matse yake, sa tabarau ka kuma kawar da fuskarka. A Benelli notin bututun an ɗaure shi da gam ɗin zare, sai an ɗan gasa shi yake kwancewa, don haka da yawa sukan fesa ruwan wanki ta ciki, su riƙa tura sandar da wani dogon ƙarfe har ruwan ya fito fari, su busar, su ɗiga mai kaɗan. Idan ka fitar da sifirin, jera shi da sabo. In ya gajarce a fili ko tsatsa ta ci shi, canza. Gajiyayyen sifirin ba ya hana buɗewa, rufewa yake hanawa: harsashi ya hau cokali, sakata ta tsaya rabin hanya.

Bututun ajiya daga ciki a wanke a bar shi a bushe. Mai a wurin yana tara ƙura, yana kuma iya shiga harsashi.

Yanayi yana canza iyakar bindiga. Sanyi yana daskarar da mai yana kuma rage ƙarfin albarushi, harsashin da ya yi aiki da rana tsaka zai iya gazawa da asuba. A ƙasa mai ƙura, irin ta lokacin hunturu, mai da yawa taɓo yake zama cikin awa kaɗan. Shafa siririn man bindiga, ka goge abin da ya yi saura, ka riƙa maimaitawa. Giris, man girki da baƙin man mota ba su da wuri a nan.

Sifirin mai laushi da faɗaɗa huda

Idan an yi duk wannan, gwajin harsashi ɗaya yana nuna saura ƙiris, sai a duba sifirin mai rangwamen ƙarfi. Kamfanin Wolff na Amurka yana yin irinsa don wasu samfuran Benelli. Yana barin sakata ta kai ƙarshe da ƙaramin ƙarfi, amma yana da farashi biyu: rufewa tana raguwa, musamman in bindiga ta yi datti ko bakinta yana kallon sama, sannan harsashi mai nauyi zai riƙa buga sakata a bayan gida. Ajiye na asali a leda ka rubuta masa suna, ka mayar da shi lokacin farauta. Yanke zagaye daga sifirin asali kuskure ne, domin yana rage matsin da ke riƙe sakata a rufe, wanda shi ne ba ka so ka rasa. Gajeren sifirin da ke cikin sakatar Benelli kuwa ba a taɓa shi sam.

Faɗaɗa hudar gas aikin ƙwararren maƙerin bindiga ne mai lasisi. Yakan auna hudar da tsinken awo, ya ƙara abin da bai wuce kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na milimita ba a karo ɗaya, ya share ɓurɓushin da ya leƙa cikin bututu, ya gwada, sannan ya ga ko za a ƙara. Ƙarfen da aka cire ba ya dawowa, garantin masana'anta ya tafi, kuma bututun ya zama na harsashi mara nauyi kaɗai, sai a yi masa alama. Guntayen harsasai masu milimita 44 kuwa, babu hudar da za ta sa irin wannan bindiga ta ci su, tsawonsu ne bai dace da cokali ba.

Duk canjin da za ka yi, yi guda ɗaya a lokaci ɗaya, da harsashi iri ɗaya. Harba goma ɗaya-ɗaya kana ƙirga sau nawa sakata ta kulle, sannan 25 bibbiyu, ka rubuta sakamakon a murfin kwalin tare da kwanan wata da yanayin garin. Sai bindiga ta cinye kwali huɗu a jere, harsashi 100, ba tare da wanki a tsakani ba, sannan za ka sayi katan na wannan harsashin.